Ragowar Maganin Ciyawa a Amfanin Gona da Gwajinta a Jikin Dabbobi

Ragowar maganin ciyawa ita ce ɗan abin da ke saura a jikin hatsi, ganye ko abincin dabbobi bayan an yi feshi a gona, ko dai maganin kansa ko abin da ya rikiɗe ya zama a cikin ƙasa da jikin shuka. Ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta. Ana auna ta da miligiram a kowane kilo na abinci, kuma hukumomi suna yanka wa kowane magani, a kowane irin amfanin gona, iyakar da bai kamata a haura ba. A takardun cinikin ƙasa da ƙasa ana taƙaita sunan wannan iyaka da MRL. Idan aka ce miligiram 1 a kilo, to a buhun masara mai kilo 100 kashi ɗaya cikin goma na giram ke nan.

Maganar ta shafi karkarar Kano da Jigawa kai tsaye. A da fartanya ke yin noman farko da maimai, ko da 'yan ƙwadago ko da gayya. Yanzu kuɗin ƙwadago ya yi tsada, famfon feshi na goyo ya karɓi babban kaso na aikin, musamman a gonakin shinkafa da masara na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam da ke shan ruwan Tiga, da kuma noman rani na Auyo da kwarin Haɗeja. Manomin da tofa, ƙiri-ƙiri ko aya-aya suka addabi gonarsa ya san amfanin maganin, ba sai an faɗa masa ba.

Yadda ake yanka iyakar

Babbar hukumar da ke fitar da waɗannan lambobi ita ce Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, kuma Najeriya mamba ce a cikinta. Tana dogara da taron masana na haɗin gwiwar hukumomin biyu, waɗanda ke duba sakamakon gwaje-gwaje su ba da shawara.

Daga gona ake fara lissafin. Ana fesa maganin a filayen gwaji daidai yadda takardar jikin kwalba ta tsara, da yawan da ta ce, a lokacin da ta ce, a kuma jira kwanakin da ta ce kafin girbi. Sai a auna abin da ya rage a amfanin, a ɗora iyakar a saman wannan adadi. Bayan nan ne ake tambaya: mutumin da ke cin wannan abinci kullum, da wannan ragowa a cikinsa, zai haura abin da jikinsa ke iya ɗauka? Idan zai haura, ba a amincewa da wannan hanyar amfani.

Wannan tsari yana bayyana abin da mutane da yawa ba su gane ba. Haura iyaka shaida ce cewa an saɓa wa ƙa'idar feshi, amma ba lallai ne abincin ya zama guba nan take ba. Shi ya sa ake samun lambobi daban-daban ga magani ɗaya: Codex ta sa wa maganin ciyawar nan gilayifoset miligiram 5 a kilo na masara, amma 20 a busasshen waken suya, domin a wasu ƙasashe ana fesa shi kan waken suya yana tsaye a gona. Tarayyar Turai kuwa, a dokarta ta 2005, ta ce duk maganin da ba a yanka masa iyaka a wani abinci ba, iyakarsa 0.01 ce, wato miligiram 1 tak a buhu mai kilo 100.

Abin da ake yi wa dabbobi a ɗakin gwaji

Adadin da jikin mutum ke iya ɗauka daga dabbobi ake ciro shi. Gwajin da aka fi daɗewa ana yi shi ne na neman yawan da zai kashe rabin dabbobin da aka ɗura wa a tashi ɗaya, dabarar da wani masanin Ingila, J. W. Trevan, ya fito da ita a 1927. Da irinsa ake rarraba magunguna gida-gida, kuma shi ne tushen zanen launin da ke gindin takardar kwalba: ja ga mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Launin yana faɗin haɗarin kurɓa ko jiƙewar jiki a rana ɗaya. Ba ya faɗin abin da zai biyo bayan shekara goma.

Don sanin wannan ake yin gwaji mai tsawo. Ana cuɗa maganin a abincin manyan ɓeraye na kwana 90, sannan na shekara 2, kusan tsawon rayuwarsu. Ƙananan ɓeraye kan yi wata 18, karnuka wata 3 ko shekara guda. Ana ba zomaye da ɓeraye masu ciki don a duba ko 'ya'yan za su fito da nakasa, ana kuma bin zuri'a har hawa biyu. A ƙarshe ana yanka dabbobin a duba hanta, ƙoda, huhu, ƙwaƙwalwa da jini. Abin nema shi ne adadi mafi yawa da bai jawo wata illa ba a dabbar da ta fi saurin jin jiki. Sai a raba shi gida 100: goma saboda mutum zai iya fin ɓera rauni, wani goman saboda mutane ba ɗaya suke ba, akwai jariri, mai juna biyu da tsoho. Masana biyu na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, Lehman da Fitzhugh, su suka gabatar da wannan rabo a 1954. Abin da ya fito shi ne adadin da ake ganin mutum zai iya ci kowace rana tsawon ransa.

Magungunan da aka fi sani

Gilayifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yana toshe wata hanyar haɗa abinci da tsirrai ke da ita, dabbobi ba su da ita. Sai an ɗura wa ɓera wajen giram 5 a kowane kilo na nauyinsa kafin a kai ga kashe rabi. A gwaji mai tsawo an ga canji a ƙullutun yawu na ɓeraye, daga nan aka sa miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, Turai kuma ta tsaya a 0.5. Mai nauyin kilo 60 sai ya ci kilo 12 na masarar da ragowarta ta cika iyaka a rana kafin ya kai adadin farko. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. A Maris 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa, bisa ƙarin da aka gani a jikin ɓeraye da wasu bincike kan masu feshi. A 2016 taron masanan ragowa ya ce da wuya abin da ake ci a abinci ya jawo hakan. Tambaya biyu ce daban: ta farko ko abin zai iya, ta biyu ko zai yi a wannan ɗan adadi. Turai ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023.

Farakwat, wanda aka fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone, shi ne mai ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Yana manne wa laka da zarar ya taɓa ƙasa, don haka ba ya cika shiga hatsi ta saiwa. Amma a jikin dabba huhu yake nufa, ya taru a can, ya mayar da naman huhun tabo har numfashi ya gagara. Wajen miligiram 150 a kilo yana kashe rabin ɓeraye. Karnukan da suka ci shi na shekara guda sun nuna illa a huhu, abin da ya sa aka tsayar da miligiram 0.005 ga kilo a rana, wato 0.3 ga babban mutum, 0.075 ga yaro mai kilo 15. Kurɓa ɗaya ta tsantsarsa tana iya kisa, kuma ba shi da makari. Turai ta hana shi a 2007.

Atirazin na masara da dawa da rake ne, daga kamfanin Geigy na Suwizalan, tun 1958. A wani jinsin ɓeraye mata ya jawo ƙari a nono ta hanyar dagula sinadaran haihuwa, kuma daga wannan dagulawar aka ciro masa miligiram 0.02 ga kilo a rana. A 2002 Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoton cewa ɗan ƙanƙanin adadi a ruwa yana gurɓata gaɓoɓin haihuwa na kwaɗi maza, sakamakon da aka daɗe ana jayayya a kansa. Matsalarsa mafi tabbas ita ce ruwa, domin yana daɗewa a ƙasa kuma yana tsiyaya ƙasa. Amurka ta sa maikirogiram 3 a lita na ruwan sha (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram), Turai 0.1, kuma saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ne Turai ta janye izininsa.

Shi kuwa 2,4-D, mai kashe ciyawa mai faɗin ganye a shinkafa, karnuka sun fi ɓeraye jin sa saboda ƙodarsu ba ta fitar da shi da sauri.

A Najeriya

Hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan feshi. A 2023 ta sanar da janye farakwat daga farkon 2024, atirazin kuma daga farkon 2025. Darasin da ya fi yi wa 'yan kasuwa zafi bai zo daga maganin ciyawa ba: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda dikilobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda ake zuba wa wake a ajiya. Ƙa'idar dai ɗaya ce, kuma ita ke jiran riɗi da zoɓorodo da waken suya da ke fita ta Dawanau da Maigatari. Aunawar tana da tsada, gilayifoset da farakwat ma ba sa fitowa a gwajin gama-gari, sai an yi wa kowannensu nasa.

Abin da lissafin bai ɗauka ba

Duk lambobin nan an gina su kan zaton cewa an bi takardar kwalba. A ƙauye takardar da Turanci take, awon kuma sau da yawa murfi ne ko gwangwanin madara, sai a ƙara kaɗan don ya fi ci, ko a gauraya biyu a famfo ɗaya. Gwajin dabbobi mafi yawa na tsantsar sinadari ɗaya ne, alhali abin da ke cikin kwalba yana da mahaɗai. Ɗaya daga cikin mahaɗan gilayifoset an hana shi a Turai a 2016 saboda ya fi maganin kansa illa a gwaji. Inda aka fesa magani don busar da wake da wuri dab da girbi, nan ragowa ta fi yawa, a ƙwaya da kwasfa da harawa duka.

Akwai kuma abincin da babu wanda ya yanka masa iyaka, domin a lissafin masana ciyawa ne. Tafasa, lalo, gasaya da zaƙi-banza a bakin gona suke fitowa, mata da yara ke tsinko su don miya da kwaɗo. Gilayifoset yakan yi kwanaki kafin ganye ya nuna alamar yaushi, don haka gonar da aka fesa jiya tana nan kore shar yau, kuma yaron da ya je yankan ciyawar rago ba shi da hanyar ganewa sai mai gonar ya faɗa ko ya kafa alama. Wannan gargaɗi ya cancanci malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, su riƙa maimaita shi kamar yadda suke maimaita awon taki.

Ruwa ma haka. Ƙasar jigawa rairayi ce, ba ta riƙe magani kamar laka, rijiyoyin fadama kuma ba su da zurfi. Wanke famfon feshi a magudanar ruwan noman rani yana kai ragowar ga gonar ƙasa, ga shanun da ke sha, ga masu wanki da kamun kifi. Kwalbar da maganin ya ƙare a ciki ana ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin famfo a fesa a gona, sannan a huda ta yadda ba za ta sake ɗaukar man gyaɗa, kunu ko ruwan sha ba.