Tallafin kuɗin renon yara bisa ma'aunin samun iyali

Tallafin kuɗin renon yara tsari ne da gwamnati ke ɗauke wa iyaye wani kaso na abin da suke biyan gidan reno ko mai reno mai rajista, don su samu damar zuwa aiki ko karatu. Ana duba abin da iyali ke samu a shekara: mai ƙaramin ƙarfi ya samu kaso mai tsoka, mai hali ya samu kaɗan ko ya rasa. A wurare da yawa gidan renon ake tura wa kuɗin kai tsaye, iyaye su cika ragowar.

Tarihi

A Amurka, dokar tarayya da ta kafa asusun wannan tallafi ta fito a 1990, aka faɗaɗa ta a 1996 lokacin da aka sake fasalin tallafin marasa galihu. Dokar ta sa iyaka: samun iyali kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na matsakaicin samun iyalai a jiharsu, yaro kuma ya kasance bai kai shekara 13 ba. Jihohi na da ikon rage wannan iyaka, kuma da yawa sun rage. Gyaran 2014 ya tanadi cewa wanda aka amince da shi zai ci gajiyar wata 12 kafin a sake tantance shi, domin a da ƙaramin canji a wurin aiki kan sa a yanke tallafi a tsakiyar shekara. Lardin Kwibek na Kanada ya bi wata hanya a 1997, ya sa dala 5 a rana ga kowa ba tare da duba samu ba.

Yadda ake lissafi

Ƙa'idar da lardin Ontariyo na Kanada ya kawo wajen 2007 ta fi sauƙin bi. Ana ɗauko adadin samun iyali daga takardar da hukumar haraji ta bayar. Dala 20,000 na farko ba a taɓa su. Daga 20,000 zuwa 40,000 iyaye na biyan kashi 10, abin da ya haura 40,000 kuma kashi 30. Iyalin da ke samun 50,000 zai biya 2,000 da 3,000, wato 5,000 a shekara, kimanin 417 a wata. Adadin na iyali ne gaba ɗaya, ko yaro ɗaya aka kai ko uku, kuma a nan ne masu yara da yawa ke samun sa'ida.

Ostareliya ta fara tsarinta na yanzu a Yulin 2018. A ƙa'idar Yulin 2023, iyalin da samunsa bai wuce dalar Ostareliya 80,000 ba an biya masa kashi 90, aka kuma riƙa rage kashi 1 a kan kowane ƙarin 5,000. A Birtaniya, tun 2017, gwamnati na ƙara fam 2 a kan kowane fam 8 da iyaye suka zuba a asusun biyan kuɗin reno, har fam 2,000 a shekara ga kowane yaro.

Inda ake samun cikas

Babbar matsalar ita ce iyakar da ke yanke tallafi lokaci guda. A Birtaniya, da zarar samun uwa ko na uba ya haura fam 100,000, tallafin ya tafi duka, har ƙarin albashi ya koma asara. Ta biyu ita ce ƙiyasi: a Ostareliya iyaye ne ke faɗin abin da suke sa ran samu, don haka ana riƙe kashi 5 na tallafin sai an daidaita da takardar haraji, wanda ya rage adadi sai ya tashi da bashi. Cika sharaɗi kuma ba ya nufin samun gurbi, domin idan kason ya ƙare sai jiran layi.

Zamfara da Kebbi

A nan reno galibi yana hannun kaka, abokiyar zama ko yayar yaro, wadda sau da yawa renon ke hana ta karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, amma ta hanyar azuzuwan share fage a makarantun firamare.

Auna samu irin na Ontariyo yana buƙatar takardar haraji, abin da manomi ko mai sana'ar cikin gida ba shi da ita. Samunsa a rumbu yake da turke, kuma na kaka daban da na bazara. Shi ya sa rajistar marasa galihu ta ƙasa ke sa jama'ar gari su fitar da mabuƙata da kansu, sannan a duba alamomi kamar rufin ɗaki, ruwan sha, kadarori da yawan mutanen gida.

Shirin tallafin rainon yara da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga wajen 2013, wanda ƙungiyar agaji ta Save the Children ta gudanar a Anka da Tsafe na Zamfara, bai auna samu ba sam. A lokacin shirin, mace mai ciki a ƙauyukan da aka zaɓa ta riƙa karɓar naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara 2.

Saɓani

Masu goyon bayan auna samu na cewa yana kai kuɗi ga mabuƙata. Masu suka na cewa tantancewar na cin kuɗi, kuma takardu na korar waɗanda aka yi domin su.