Wurno

Wurno gari ne a jihar Sakkwato, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke amsa wannan suna. Yana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a kan wani tudu da ke kallon fadamar gulbin Rima. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 685 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 162,307. Tana cikin mazaɓar sanatan Sakkwato ta Gabas, a Majalisar Wakilai kuwa kujera ɗaya suke rabawa da maƙwabciyarta Rabah. Daga cikin garuruwanta akwai Acida, Dinawa, Marnona, Kwargaba, Alkammu da Dimbiso. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, kusan dukkansu Musulmi, kuma da wuya a sami gidan da ba ya noma. Mutanen nesa sun fi sanin Wurno da abu biyu: hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da tafarnuwa.

Asali

Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya raya Wurno wajen shekarar 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaro da ake kafawa a bakin iyaka don tare hari. A lokacin Gobirawa da Azbinawa ne ke matsa wa Sakkwato daga arewa da gabas. Bello ya so ribaɗi ya zama gari mai ci da kansa, don haka ya zaunar da makiyaya, ya ƙarfafa noma, ya jawo malamai da masu sana'a. Shi kansa ya koma can da zama. Bayan nasararsa a yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, a nan aka rufe shi, har yau kuma masu ziyara ba su yanke ba.

Wasu daga cikin magadansa sun bi sawunsa. A Wurno matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A nan ne kuma Baturen Birtaniya Joseph Thomson ya iske Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a 1885 yana nemar wa wani kamfanin kasuwanci na Ingila yarjejeniya. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a 1902, Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, daga nan mulki ya tattara ya zauna a birnin Sakkwato. Wurno ta koma gari na manoma mai tsohuwar daraja. Sarautar garin ita ce Sarkin Sudan, kuma wanda ya fi shahara da ita a wannan zamani shi ne Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a 2022.

Tudu da fadama

Wanda yake son ya gane yadda ake zama a Wurno sai ya fara da ƙasa, domin ƙasar iri biyu ce, kowace da lokacinta. Tudu jigawa ce mai rairayi, ruwan sama kaɗai take jira. Damina a nan gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, Agusta ne ke ɗauke da mafi yawan ruwa. Wasu ba sa ma jiran saukar ruwan fari, sai su yi binne, su sa iri a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah. Abin da ake shukawa gero ne, wanda a bakin Basakkwace shi ne hatsi, sai dawa da wake da gyaɗa. Wannan shi ne abincin gida, shi ke shiga rumbu, kuma da dami ake lissafa shi. Maigidan da ya ce ya sami dami ɗari ya faɗa maka wata nawa iyalinsa za su yi ba su je awo ba.

Fadama kuwa, ko hwadama a lafazin 'yan gari, ita ce ƙasar kuɗi. Da damina shinkafa ke cikinta. Da ruwa ya ja baya sai a shiga noman rani: albasa, tafarnuwa, tumatir, tattasai, attaruhu, dankali, alkama, ga kuma shinkafar rani. A da da jigo ake ban ruwa, mutum ya wuni yana ɗaga guga don ɗan fili kaɗan. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun daga shekarun 1990 shi ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, abin da ya sa mutum ɗaya ke iya shayar da abin da a da sai mutum goma. Akwai kuma tsohon shirin noman rani na gwamnati a Wurno mai shan ruwa daga madatsar Lugu, wanda ambaliya ta sha lalata shi, manoma kuma suka daɗe suna kiran a gyara.

A sama da Wurno akwai madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ita ke riƙe ruwan Rima ta riƙa sakinsa da rani. Alherinta da sharrinta duk a kan mutanen fadama suke sauka. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima har zuwa birnin Sakkwato. A shekarun da ruwan madatsar ya yi ƙasa kuma, mai shinkafar rani ne ke fara kuka. Tsofaffi har yanzu suna auna kowace masifa da farin 1973 da na 1984.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 lissafin noman rani ya sake. Injin ban ruwa fetur yake sha, kuma albasa ba ta san tsada ba, lokacin ruwanta idan ya yi sai an ba ta. Wasu sun mayar da injinansu na gas, masu hali sun koma ga na hasken rana, marasa hali sun rage fili.

Albasa da tafarnuwa suna da tasu siyasar. Lokacin cira kowa ke cira, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Mai ƙarfi sai ya zuba tasa a rudu, wata rumfar kara da ciyawa da iska ke ratsawa, ya jira damina lokacin da kaya ya yi ƙaranci. Yakan yi asarar wani kaso ga ruɓa, amma abin da ya saura yakan biya shi. Wanda ya ci bashin taki da mai tun farkon rani ba shi da wannan zaɓi, dillali na tsaye a bakin gona. A nan ne ake rabuwa tsakanin manomin da ke tara abu da wanda shekara ke juyawa da shi a wuri ɗaya, kuma sau da yawa ba ƙwazo ne ya raba su ba, jari ne. Manyan motoci na kwasar kayan zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta.

Wani abin lura a wajen zakka: amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala ko inji kuwa ɗaya cikin ashirin, idan ya kai nisabi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, hatsi da shinkafa da wake ne ke da zakkar amfanin gona, albasa da tafarnuwa ba su da ita. Ke nan abin da ya fi kawo kuɗi a fadama ba a fitar masa da dami, sai dai a jira kuɗinsa su cika nisabi su shekara.

Gida da gandu

Gona ta gida ce kafin ta zama ta mutum ɗaya. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, suna noma tare su ci daga rumbu ɗaya, maigida kuma shi ke ɗaukar nauyin abinci da aurar da samari. Kowane baligi yana da ɗan filinsa na kansa da yake taɓawa da yamma ko ranar da ba a zuwa gandu. Gandu yakan watse bayan rasuwar uba, a raba gona bisa gado, shi ya sa filaye ke ta ƙanƙancewa. Ban da gado, ana samun gona ta hanyar saye ko aro ko haya ko jingina. Jinginar fadama ita ta fi kai mutane gaban alƙali, musamman idan masu shaidar farko sun rasu kuma ba a rubuta komai ba.

Matan aure galibi suna cikin gida, amma hannunsu na cikin tattalin arzikin garin dumu-dumu. Su ke gyaran shinkafa da turara ta, su ke yin fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da hoce, yara su kai talla. Su ke riƙe da adashi, kuma mafi yawan awaki da tumakin da ke cikin gari nasu ne. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare, a hannun mace asusu ce: ranar da ciwo ko biki ya taso, ita ake ja zuwa kasuwa. Kasuwar Acida na cikin manyan kasuwannin dabbobi da hatsi na wannan yanki.

Gayya ta ja baya. A da mutum kan gayyaci samarin gari su taya shi noma, makaɗa na kiɗa, shi kuma ya ciyar. Yanzu ƙwadago ya maye gurbinta, kowa kuɗi yake so a hannu. Inda ta saura shi ne aikin da ba na mutum ɗaya ba: sharar maƙabarta, gyaran masallaci, cike zaizayar hanya, ko tare ruwa da buhunan ƙasa idan gulbi ya kawo. Cin rani ma tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sakkwato, samari su bar gida bayan kaka su nufi birane su dawo da faɗuwar ruwa. Garuruwan fadama sun fi na tudu riƙe samarinsu, saboda rani a wurinsu lokacin aiki ne.

Wa ke riƙe da gari

Sunayen sarauta a Sakkwato sun ɗan saɓa da na Kano, abin da kan rikita baƙo. Wanda Bakano ke kira hakimi, a nan uban ƙasa ne. Hakimi kuwa a ƙarƙashinsa yake, a matsayin da Kano ke cewa dagaci. Daga nan sai masu unguwanni. Uban ƙasa yana ƙarƙashin Majalisar Sarkin Musulmi. A gefe akwai sarautun sana'a, irin su sarkin noma, sarkin fawa, sarkin maƙera, sarkin aska, da sarkin ruwa mai kula da masunta, sai ardo ko sarkin Fulani a ɓangaren makiyaya.

A takarda, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 mulki ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, dokar filaye ta 1978 kuma ta ɗora filayen karkara a kan ƙaramar hukuma. A aikace, rigimar iyakar gona ba sakatariya take fara zuwa ba. Ƙofar mai unguwa take zuwa, idan ta gagara a wuce wurin hakimi, a tuɓe takalmi a ce ranka shi daɗe, a kira dattawan da suka san inda tsohuwar iyaka take. Rikicin aure da na gado liman da malamai ke fara ji. Sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ake kai shi kotun shari'a. Mutane sun fi son sulhu domin ya fi arha, kuma domin gobe da wanda ka kai ƙara za ka haɗu a sahu ɗaya.

Ɓarnar dabbobi ita ce shari'ar kaka. Makiyayi na son ya shiga ya ci kara da harawa, manomi bai gama kwashe wake ba. Bisa al'ada masu sarauta ke sanar da lokacin da za a saki dabbobi, wanda ya riga ya yi ɓarna a kimanta ya biya. A zamanin da, manomi da kansa ke roƙon Bafulatani ya kwana da shanu a gonarsa don taki, har ya ba shi hatsi. Noman rani ya taƙaita wannan zumunci, domin fadamar da shanu ke sauka da rani yanzu albasa ce a cikinta, burtali da mashaya kuma gonaki sun matse su.

Abin da jama'a ke nema wurin ƙaramar hukuma bai da yawa kuma bai cika sauyawa ba: taki a kan lokaci, rijiyar burtsatse, magani a asibiti, malamai a firamare, hanyar fitar da kaya daga fadama. Rabon taki shi ya fi tayar da ƙura, domin yakan bi layin jam'iyya, wani lokaci kuma ya iso bayan shuka ta wuce buƙatarsa. Shekarar 2024 ta zo da sauyi biyu. Jihar Sakkwato ta gyara dokar masarautu ta mayar da ikon naɗa uwayen ƙasa da hakimai hannun gwamna, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a watan Yuli cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Ilimi da tsaro

Karatun allo ya riga boko da nisa a garin da malamai suka kafa, kuma har yanzu yaro kan fara da shi. Makarantun Islamiyya sun ƙaru, har da na matan aure. Boko na fama da lokacin aiki: ranar dashen albasa ko korar tsuntsu daga shinkafa, aji kan rage.

Matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato, musamman Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, ta taɓa ƙauyukan Wurno. An sace shanun huɗa, an ɗauki mutane don kuɗin fansa, wasu ƙauyawa sun kwana a manyan garuruwa suna komawa gona da rana, gonakin da ke nesa da gari kuma wasu an bar su. Unguwanni sun kafa 'yan sintiri da kuɗin karo-karo, a 2024 kuma gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da ta ɗebi matasa daga yankunan da abin ya shafa. Tsohon aikin mai unguwa na sanin baƙon da ya sauka da gidan da ya sauka ya dawo da ƙarfinsa, a wurare da dama ba a ba baƙo masauki sai an sanar da shi.