Waiwaye: Tsohon da bai ji tambaya ba, aka ce ya manta amsa

A shekarar 1975 ne wasu likitocin ƙwaƙwalwa uku a Amurka, Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh, suka fito da ɗan gajeren gwajin da ake kira MMSE. Maki 30 ne, minti goma ya isa, kuma akasarinsa da baki ake yi. Likita ya faɗi kalmomi uku a maimaita, ya ce a riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, can gaba ya waiwayo ya nemi kalmomin nan uku. Wanda makinsa ya yi ƙasa, sai a fara zargin gigin tsufa. Gwajin ya ɗauka cewa wanda ke zaune gaban likita yana ji sarai, ya yi boko, kuma harshensu ɗaya.

Sauran duniya ta fara gano matsalar ne ta ɓangaren boko da al'ada. A Indiya, a 1995, Mary Ganguli da abokan aikinta suka sake wa gwajin fasali saboda manoman yankin Ballabgarh da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Kafin nan, a 1992, an fara binciken da ya haɗa tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, inda Hugh Hendrie da Kathleen Hall suka yi aiki da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi. Tambayoyinsu irin na gida ne: me ake yi da guduma, ina kasuwar unguwa, nuna taga sannan ƙofa. Suka kuma ƙara hira da wani ɗan uwa da ya san tsohon. A Ostareliya ma wani gwaji mai suna RUDAS ya fito a 2004 domin baƙin da ba su jin Turanci sosai. Dabarar duka ɗaya ce: a rage karatu da rubutu, a ƙara magana.

Sai dai magana kunne take bi. Gwajin MoCA na Ziad Nasreddine, wanda aka ƙirƙira a Montreal, aka wallafa a 2005, kuma ya bazu ko'ina, yana da kalmomi biyar da za a haddace, da jerin haruffa da likita ke karantawa mutum yana buga hannu duk sanda ya ji "A", da jimloli biyu da za a maimaita ba kuskure. A 2016 Lindsey Jorgensen ta gwada matasa lafiyayyu da MMSE bayan an dusashe musu sautin tambayoyin yadda mai raunin ji ke jin su. Makinsu ya faɗi, wasu har ya kai matakin da za a ce suna da cutar mantuwa.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, raunin ji da mantuwar suna da alaƙa ta gaskiya. Binciken Frank Lin na jami'ar Johns Hopkins a 2011, kan mutum 639, ya nuna haɗarin kamuwa da mantuwar yana ninkawa kusan biyu ga mai ƙaramin rauni, har kusan biyar ga mai tsanani. Kwamitin mujallar Lancet ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin mantuwa waɗanda za a iya magancewa tun rahotonsa na 2017. Ke nan likita ba zai ce "kunne ne kawai" ya sallami tsoho ba, ba kuma zai amince da makin ido rufe ba.

Maganin da aka kawo shi ne a mayar da gwajin rubutacce. A Toronto an fito da HI-MoCA, wato MoCA na masu raunin ji, a 2017, tambayoyin na fitowa a allon kwamfuta. A 2023 Piers Dawes da tawagarsa suka wallafa MoCA-H, mai amfani da katunan rubutu. Ga tsohon ma'aikaci a Ingila wannan ya yi. Amma a duba inda aka kwana: masu gyara saboda rashin boko sun gudu daga rubutu zuwa baki, masu gyara saboda kunne sun gudu daga baki zuwa rubutu. Tsohon da ya haɗa duka biyu, kowa ya wuce ya bar shi a tsakiya.

Irin wannan tsoho kuwa ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Likita ya faɗi kalma, Baba ya gyaɗa kai ya ce "to, to", don dattijo ba ya son cewa bai ji ba sau uku a gaban yaro. Ɗansa ya sunkuyo kusa da kunne: "Baba, cewa aka yi ka maimaita." Ya ɗaga murya, ya sauya kalmar da wadda ya fi saba da ita, gwajin ya riga ya zama wani abu dabam. A miƙa masa kati, ya juya shi. Da ajami ne da ya karance shi tas. A tambaye shi wata, ya ce Rajab, takardar kuma Janairu take jira. Raunin ji na tsufa ya fi cinye siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "f", don haka "sara" da "shara" da "fara" duk suna iya zo masa iri ɗaya.

Kurame na asali kuma labarinsu daban ne, domin harshensu na hannu ne. A Landan, Joanna Atkinson da abokan aikinta sun gina gwaji kai tsaye cikin maganar hannu ta Birtaniya, aka wallafa a 2015, saboda fassarar tafinta tana ɓata ma'auni. A Kano kuwa kurame iri biyu ne ta fuskar harshe: masu Maganar Hannu ta gargajiya, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a 2000, da waɗanda suka koyi salon Amurka a makaranta, wanda Andrew Foster ya shigo da shi Ibadan a 1960. Gwajin da aka gina wa ɗayansu ba lalle ya yi wa ɗayan ba.