Ƙarfafa motsin baki don ci da magana

Ƙwarewar motsin baki ita ce iya sarrafa leɓɓa, harshe, kumatu, muƙamuƙi da ganda wajen tsotso, tauna, haɗiya da furta sauti. Yaro yana samun ta a hankali, kuma abincin da ake sa masa a baki shi ne babban malaminsa.

Tun a ciki ɗan tayi yake fara tsotso, amma haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya daidaita sai wajen mako 32 zuwa 34. Shi ya sa bakwaini kan kasa kama nono, har a riƙa ba shi tatsattsen nono ta siririn bututu ko da ɗan kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a fara ƙarin abinci. A nan ne muƙamuƙi ke fara motsi sama da ƙasa. Wajen wata 8 zuwa 9 harshe ya iya tura loma gefen dasashi, tauna irin ta manya kuwa sai shekara 2 zuwa 3. Gwaranci ma wajen wata 6 yake farawa, da sautukan leɓe irin "ba" da "ma".

Yaron da aka bari a kan kunu mai ruwa-ruwa har ya shekara yakan sha wahalar karɓar abu mai gudaji. Gara a riƙa ƙara kauri: kunu mai kauri, sai dakakken dankali ko faten wake, sai yankan ayaba da zai riƙe da hannunsa. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, a ɗora cokali a leɓensa na ƙasa a jira ya kwashe da kansa. Gyaɗa da aya da ba a niƙa ba ba na ƙaramin yaro ba ne. Ɗura kuwa, inda ake kwantar da yaro a toshe masa hanci, hatsari ce ƙwarai, don kunun na iya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu.

Alamun matsala sun haɗa da yawan ƙwarewa ko tari lokacin ci, abinci na fitowa ta hanci, dalalar miyau bayan ƙuruciya, da rashin ƙiba. Ana ganin su ga masu tsagewar leɓe ko ganda, masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin gaɓoɓi, wani lokaci da masu linzami a ƙarƙashin harshe. Cire beli da wanzamai ke yi ba ya gyara ko ɗaya, sai ma zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Waɗanda suka tsira daga noma, wato cutar da ke cin naman baki da fuska, muƙamuƙinsu kan ƙage, kuma a Asibitin Noma na Sakkwato ana haɗa musu tiyata da atisayen buɗe baki.

Masana gyaran magana sun yi saɓani a kan atisayen da babu furuci a ciki, kamar hura kyandir ko busa usur. Bitar da Cochrane, ƙungiya mai tantance binciken lafiya, ta fitar a 2015 ba ta samu hujja mai ƙarfi cewa suna gyara furuci ba. Yaron da ya kasa faɗin "ƙ" ko "ts", mafi yawan masana suna sa shi ya maimaita sautin ne a cikin kalmomi, yana kallon bakin mai koya masa.