Aplacophora

Aplacophora rukuni ne na halittun teku masu taushin jiki, dangin dodon koɗi, sai dai ba su da ɓawo, kuma siffarsu ta tsutsa ce. Akasarinsu ba su wuce milimita kaɗan ba, ko da yake wasu daga jinsin Epimenia sukan kai santimita 30. An san nau'o'i sama da 400, mafi yawansu a ƙasan teku mai zurfi.

Masanin Siwidin Sven Lovén ne ya bayyana ɗaya daga cikinsu, Chaetoderma nitidulum, a wajajen 1844, kuma shekaru da dama ba a ɗauke ta a matsayin dangin dodon koɗi ba, saboda ba ta da ɓawo, ba ta da ƙafa. Bayan da wani masani, Tycho Tullberg, ya bayyana wata daga cikinsu, Neomenia carinata, a 1875, Bajamushe Hermann von Ihering ya kusanta su da kaiton, halittar nan mai faranti 8 a baya, bisa la'akari da tsarin jijiyoyinsu: jijiyoyi 4 ne ke tashi daga kai su miƙe har ƙarshen jiki, wasu ƙanana na haɗa su ta gefe kamar matakalar tsani.

Fatar jikin tana lulluɓe da ƙananan ƙayoyi da ɓawo-ɓawo na sinadarin alli, waɗanda ke sa dabbar ta riƙa sheƙi, kuma da siffarsu ake bambance nau'o'i. Rukunin ya kasu rassa biyu. Reshen Solenogastres yana da siririn kwari a ƙasan jiki wanda ke ɗauke da ragowar ƙafa, da shi suke rarrafe a kan murjani da danginsa suna ci. Kowace dabba a wannan reshe tana da gaɓoɓin namiji da na mace. Reshen Caudofoveata kuwa ba shi da wannan kwari, yana da garkuwa a kusa da baki don haƙa laka, da gaɓoɓin numfashi 2 a wutsiya, kuma maza daban suke da mata. Harshe mai haƙora da ake kira radula yana nan a yawancinsu.

Ana saɓani kan ko rassan biyu aji ɗaya ne. Burbushin Kulindroplax da aka samo a Ingila, mai kimanin shekaru miliyan 425, yana da jikin tsutsa da faranti 7, abin da ke nuna cewa wataƙila kakanninsu suna da ɓawo kafin su rasa shi.