Zaɓen Madubin Bindigar Farauta: Tambayoyi da Amsoshi

Me lambobin da ke jikin madubi suke nufi, kamar 3-9x40?

Biyun farko yawan kusantowa ne: madubin yana jawo abin da kake kallo ninki 3, kana iya murɗa shi har ninki 9. Ita kuwa 40 faɗin gilashin gaba ce da milimita. Idan ka ga 4x32, wannan ba ya murɗuwa, ninki 4 ne kawai.

Ashe ba wanda ya fi jawo abu kusa ne ya fi kyau ba?

A'a, kuma a nan ne sababbin mafarauta suka fi yin asarar kuɗinsu. Duk lokacin da ka ƙara kusantowa, filin da idonka ke gani yana tsukewa. A ce barewa ta ɓullo daga duhuwa a tazarar mita 40, madubinka kuma yana kan ninki 16. Ganye kawai za ka gani ko wani ɓangare na fatarta, kafin ka lalubo ta ta yi gaba. Rawar hannunka da bugun zuciyarka ma madubin yana ninka su.

Don haka ka fara tambayar kanka: a wace tazara na saba harbi? Mai farauta cikin kurmi, 1-4 ko 2-7 ya ishe shi. Wanda ke haɗa daji da fili, 3-9x40 zai yi masa kusan komai, shi ya sa ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Mai fili fetal ne yake buƙatar 4-12 ko sama da haka. Kuma idan kana tafiya, ka bar madubin a kan ƙaramar lambarsa. Dabbar da ke nesa za ta ba ka lokacin murɗawa, ta kusa ba za ta ba ka ba.

Wane madubi ne ya fi gani da asuba ko dab da magariba?

Raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowa, za ka sami faɗin hasken da ke isowa idonka. Gilashi mai 40 a kan ninki 8 yana ba da milimita 5. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa zuwa kusan milimita 7 a cikin duhu, tana kuma raguwa da shekaru, saboda haka ƙaton gilashi mai 56 ba kowa ne zai ci amfaninsa duka ba, ga nauyi, ga tilasta ɗaura madubin can sama. A ganina ingancin gilashin da shafen da aka yi masa don rage ƙyalli sun fi girmansa muhimmanci.

Yaya tazarar ido da madubi ya kamata ta kasance?

Kada ka yi wasa da wannan. Bindiga tana dukan baya idan ta tashi, madubin da ya matso fuska sosai kuwa yana iya tsaga gira. Nemi wanda zai ba ka cikakken gani daga santimita 9 zuwa 10, ka kuma gwada shi a kan babbar lambarsa, domin a yawancin madubai a nan ne tazarar take raguwa.

Layukan saiti fa?

Su ne layukan da kake gani a cikin madubin, waɗanda kake auna abin harbi da su. Mai sauƙi ya fi. Samfurin Duplex da kamfanin Leupold ya fitar a 1962, mai layuka masu kauri daga gefe da sirara a tsakiya, har yau yana jan ido zuwa tsakiya da sauri. Layuka barkatai suna da amfani ga mai harbin nesa, amma a cikin dishi-dishi rikita ido suke yi.

Yaya ake gyara saiti?

Da maɓallan murɗawa na sama da na gefe. A wasu madubai kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi santimita 1 a mita 100, a wasu kuma kusan kwatan inci a yadi 100. Ka saita da irin harsashin da za ka fita da shi, ka sake gwadawa duk lokacin da bindigar ta faɗi ko ta bugu. Saitin da ya goce shi ke sa a raunata dabba ta gudu ta mutu da wahala, wannan kuwa bai kamaci mafarauci ba.

Akwai abin da ake yawan mantawa?

Zobban da ke riƙe madubin. Dole su dace da kaurin bututunsa, inci 1 ne ko milimita 30, su kuma ɗauru daidai, domin madubi mai tsada a kan zobba marasa ƙwari ba zai riƙe saiti ba. Duba kuma ko an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon, ita ke hana shi yin raɓa ta ciki. Mai bindigar iska mai sifirin ya nemi madubin da aka ƙera dominta, saboda dukanta gaba da baya yake, yana lalata madubai da yawa.

Zan iya leƙen daji da madubin bindiga?

Kada ka yi. Duk abin da ka leƙa da shi, bakin bindiga ka nuna masa, kuma motsin nan da ka hango cikin ciyawa yana iya zama mutum. Ka rataya madubin hangen nesa na hannu don leƙe, sai ka tabbatar da abin da ka gani da abin da ke bayansa kafin ka ɗaga bindiga.