Waiwaye: Homare Sawa da shekarun wahala kafin kofin 2011

Duk wanda ya san sunan Homare Sawa, 'yar ƙwallon Japan, to ta ƙwallon minti na 117 ya santa, wadda ta zura wa Amurka a wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a Frankfurt ranar 17 ga Yulin 2011. Amma ni a ganina idan mutum ya fara labarinta daga nan ya cuce ta, domin a wannan daren ta kusa shekara 18 tana buga wa ƙasarta, kuma mafi yawan shekarun nan ba wanda ya damu da ƙwallon mata a Japan.

An haife ta ranar 6 ga Satumban 1978 a Fuchu, wani yanki na Tokiyo. Yayanta take bi zuwa filin atisaye har ta shige ƙungiyar yara maza, tana wasa da su tana ci, amma da gasar yara ta ƙasa ta zo sai aka ce ba za ta buga ba tunda mace ce. A 1991 Yomiuri Beleza ta ɗauke ta, yarinya da ba ta kai 14 ba tana gogawa da manyan mata a babban lig. Disamban 1993 aka kira ta tawagar ƙasa tana da shekara 15, wasanta na farko da Filifin ta zura huɗu. Huɗu fa.

Lokacin lig ɗin mata na Japan da kuɗinsa, saboda kamfanoni ne ke riƙe da ƙungiyoyin, har 'yan wasa daga Turai da Amurka suna zuwa cin abinci a can. Japan ta kai kwata fainal a kofin duniya na 1995 a Suwidin, ta je Olamfik ɗin Atlanta a 1996. To amma tattalin arzikin ƙasar ya tsaya cak a shekarun nan, kamfanoni suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya, sannan ga kofin duniya na 1999 ya zo ya ƙarasa su: canjaras da Kanada, Rasha ta ba su 5, Norway ta ƙara musu 4, kuma da yake sakamakon wannan gasar ne ke ba da tikitin Olamfik ɗin Sydney na 2000 sai Japan ta rasa gurbi. Super Falcons kuwa sun samu, don su sun kai kwata fainal a shekarar. Wato akwai lokacin da Najeriya ke gaban Japan a ƙwallon mata, kuma ba da daɗewa ba ne, wannan kaɗai ya isa abin tunani amma mu bar shi.

Daga nan lig ɗin ya zama na wahala, 'yan wasa su yi aikin kanti ko ofis da rana su yi atisaye da daddare. Sawa ta tattara ta tafi Amurka a 1999, ta fara da Denver Diamonds, da aka fara lig ɗin ƙwararru na WUSA a 2001 ta koma Atlanta Beat inda ta haɗu da irin su Briana Scurry da Sun Wen ta Chaina. Sau biyu suna zuwa wasan ƙarshe, 2001 da 2003, duka ba su ɗauka ba. A can ta koyi yadda ake kokawa da masu jiki da tsayi, ita da ba wata doguwa ba. Sai shi ma WUSA ɗin ya ruguje a Satumban 2003 saboda rashin kuɗi, dole ta dawo gida Beleza.

Wasan da nake ganin shi ne ƙashin bayan labarin nan gaba ɗaya shi ne na 24 ga Afrilun 2004, da Koriya ta Arewa a babban filin wasa na ƙasa a Tokiyo. Wanda ya ci ya tafi Olamfik ɗin Athens. Koriya ta Arewa a lokacin dodo ce a Asiya, sun daɗe suna lallasa Japan, kuma kowa a tawagar ya san idan aka sake rasa Olamfik karo na biyu a jere to ragowar kamfanonin ma za su gudu, ƙwallon matan ya mutu murus. Sawa na fama da ciwon gwiwa mai tsanani, irin wanda likita zai ce a zauna, amma aka ɗaure ƙafar ta shiga. A farkon wasan ta yi karo da wata 'yar Koriya kafaɗa da kafaɗa ta kayar da ita ta ƙwace ƙwallo, 'yan Japan har yau suna ba da labarin wannan karon saboda daga nan sauran suka cire tsoro. Mutum sama da dubu 30 ne a filin, Japan ta ci 3 da nema. Bayan wasan sai da aka yi mata aiki a gwiwar. A shekarar ne aka raɗa wa tawagar sunan Nadeshiko, kuma a Athens ɗin suka doke Suwidin 1-0, Najeriya ta doke su 1-0, Amurka ta cire su a kwata fainal da 2-1.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne canjin gurbi. Sawa lamba 10 ce, a bayan 'yan gaba ta saba wasa tana cin ƙwallaye. Da Norio Sasaki ya karɓi aikin koci sai ya ja ta baya a 2008, tsakiya can kusa da masu tsaron baya, ta riƙa ƙwace ƙwallo tana rabawa, sannan ta taso daga baya lokacin da ba mai gadinta. Tauraruwa da yawa da za a yi wa haka sai an yi rigima, ita kam ta karɓa, kuma wlh nan ne wasan Japan ya zauna, gajerun fas, haƙuri da ƙwallo, kowa na motsi. A Olamfik ɗin Beijing 2008 suka zo na huɗu, Jamus ta hana su tagulla. A gasar ne aka ce ta gaya wa abokiyar wasanta Aya Miyama cewa idan wahala ta yi wahala a fili ta dubi bayanta kawai, ma'ana za ta same ta tana gudu har lokacin.

Ta sake komawa Amurka, Washington Freedom a 2009 da 2010, tare da Abby Wambach ta Amurka. A farkon 2011 ita da Shinobu Ohno da Yukari Kinga suka bar Beleza suka koma INAC Kobe Leonessa, inda ɗan wasa zai yi ƙwallo zalla ba sai ya haɗa da wani aiki ba.

Sai girgizar ƙasa da tsunami na 11 ga Maris 2011, ga kuma bala'in tashar nukiliya ta Fukushima. Abin ya taɓa tawagar kai tsaye, Aya Sameshima a ƙungiyar kamfanin da ke da tashar take wasa, kuma ƙungiyar ta dakatar da wasa. Wata huɗu bayan haka suna Jamus. Sawa ta ci uku rigis a wasan Meziko, Ingila ta doke su 2-0, sai aka haɗa su da Jamus mai masauki kuma mai riƙe da kofi sau biyu a jere. Kafin wasan Sasaki ya nuna musu hotunan garuruwan da ruwa ya share. A ƙarin lokaci Sawa ta ɗaga wa Karina Maruyama ƙwallo ta ci, 1-0. Suka cire Suwidin 3-1, ita ma ta ci ɗaya a ciki.

Wasan ƙarshe kam Amurka ta fi su komai a rabin farko, gaskiya da an ci su uku ba wanda zai yi mamaki, kuma a karawa 25 da suka yi a baya Japan ba ta taɓa nasara ba. Alex Morgan ta ci, Miyama ta rama. Wambach ta sa kai a minti na 104. Saura minti uku a tashi Japan ta samu kwana, Miyama ta buga ta ƙasa-ƙasa zuwa turken kusa, Sawa ta rugo ta riga mai gadinta, ta goge ƙwallon da gefen ƙafar dama tana ba raga baya kusan, ta wuce Hope Solo. A fenariti gola Ayumi Kaihori ta tare biyu, ɗaya da ƙafa, Saki Kumagai ta rufe, 3-1. Sawa ta tafi da ƙwallon zinare da takalmin zinare da ƙwallaye 5. Janairun 2012 a Zurich, sanye da kimono, ta karɓi kyautar gwarzuwar duniya ta FIFA a gaban Marta ta Brazil da ta ci sau biyar a jere, kuma ita ce ta farko daga Asiya, mace ko namiji.

Sauran shekarun da sauri suka wuce. Ciwon jiri ya kwantar da ita a farkon 2012, ta warke ta je Olamfik ɗin Landan suka samu azurfa, Amurka ta rama 2-1 a Wembley. Kofin Asiya a 2014, na farko a tarihinsu. A Kanada 2015 ta buga kofin duniya na shida, yawanci daga benci, kuma Amurka ta yi musu 5-2 a wasan ƙarshe. Ta bar tawagar da wasa 205 da ƙwallo 83, duka biyun ba wata 'yar Japan da ta kamo. Wasanta na ƙarshe shi ne fainal ɗin kofin Empress na ƙungiyoyin matan Japan ranar 27 ga Disamban 2015, INAC ta doke Albirex Niigata 1-0, kuma ita ta ci da ka daga kwana.

Cikakken lig ɗin ƙwararru na mata kuwa, WE League, bai fara a Japan ba sai Satumban 2021, shekara goma bayan kofin, kusan shida bayan ta rataye takalmi. Ko wasa ɗaya ba ta buga a cikinsa ba.